Tambayoyi da amsoshi: yadda ɗan ƙauye zai tsara lokacin karatun jarrabawar CCNA

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim, da yamma kuma ina zama a ɗan shagon cajin waya na yayana. Na ci CCNA a zama na biyu, tun daga nan kusan kowane sati sai wani ya turo min saƙo ko ya biyo ni shago, daga Gumel, Jahun, Taura, har da yaran Dambatta da Sumaila, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ne na ce bari in tara su wuri guda. Yawancin shawarar da ake gani a intanet an rubuta ta ne don wanda yake da wuta dare da rana da ɗakinsa shi kaɗai, mu kuwa ga gona, ga caji, ga sabis da wani lokacin sai ka fita bakin titi.

Wai mece ce CCNA ɗin, kuma yaya jarrabawar take?

Takardar shaida ce ta kamfanin Cisco na Amurka, masu ƙera na'urorin haɗa kwamfutoci irin su rawuta da suwic. Lambar jarrabawar 200-301, an fara ta a Fabrairun 2020 lokacin da suka haɗe tsofaffin CCNA masu yawa suka mai da su guda ɗaya, sai a Agustan 2024 aka ɗan sabunta ta aka ƙara abubuwa kamar AI. Minti 120 ake yi, kuɗinta dala 300, kamfanin shirya jarrabawa na Pearson VUE ne ke gudanar da ita, in ka ci kuma shaidar tana aiki shekara 3.

Kashi shida aka raba ta, kuma wannan rabon shi ne tushen duk tsarin da za ka yi. Tushen ilimin netwok kashi 20 cikin ɗari, harkar suwic da VLAN (raba netwok ɗaya zuwa rukuni-rukuni a kan suwic) da wayales kashi 20, harkar rawuta da yadda saƙo yake nemo hanya kashi 25, hidimomi irin su DHCP da NAT da NTP kashi 10, tsaro kashi 15, sarrafa netwok da manhaja kashi 10. Tun ranar farko ka shiga shafin Cisco ka sauke jerin batutuwan da ake kai yanzu, ka je wajen mai fotokwafi ya buga maka a takarda, don suna canza shi lokaci zuwa lokaci.

Sai ina da digiri ko difloma? Turancina ma ba ƙarfi.

A'a, Cisco ba ta sa wani sharaɗin karatu ba, ko sakandare ka gama za ka iya zama. Turanci ne dai dole ka yi masa tanadi tunda da shi za a yi maka tambayoyin, kuma wasu dogaye ne, kalma ɗaya tana juya ma'ana gaba ɗaya. Amma ba turancin jarida ba ne, kalmomi ne ƙalilan da suke ta maimaituwa. In ka san kana karatu a hankali ka ƙara wa kanka wata guda a kan lissafin da ke amsa ta gaba, ka kuma riƙe ɗan littafi na rubuta kalmar da ta shige maka duhu da bayaninta da Hausa.

Wata nawa zai ɗauke ni? Na ga wani ya ce shi a kwana 30 ya gama.

Wanda ya ce kwana 30 ka tambaye shi aikin me yake yi kafin nan, za ka tarar ya daɗe yana taɓa rawuta a ofis, ko kuma ba shi da wani aiki sai karatun. Ka daina ƙirga wata, ka ƙirga awa. Su kansu Cisco a makarantarsu ta Networking Academy kwas uku suka raba CCNA, kowanne an ƙiyasta masa awa 70, ka ga awa 210 ke nan, ban da bita da jarrabawar gwaji. Ni abin da nake gaya wa wanda bai taɓa sanin komai a harkar ba shi ne ya sa awa 230 zuwa 250 a ransa.

Yanzu sai ka zauna ka yi wa kanka gaskiya. Ɗauki takarda ka rubuta satin da ya wuce, daga asuba zuwa kwanciya me ka yi, ba satin da kake fatan samu ba. In kana iya samun awa ɗaya da rabi kullum, kwana shida a sati, awa 9 ke nan, a sati 26 ka tara awa 234, wato wata shida. In awa ɗaya ce kake samu to wata tara ne, kuma wallahi ba abin kunya ba ne. Abin da yake kashe yawancin yaranmu shi ne su rubuta awa biyar kullum a jadawali saboda zumuɗi, su yi kwana huɗu, a rana ta biyar Baba ya ce a kai taki gona, shi ke nan jadawali ya rushe sai su ga kamar su ne ba su da ƙwaƙwalwa.

Ka bar kwana ɗaya a sati ba komai a kansa. Ni Juma'a na bari. Wanda yake cin kasuwar Wudil ma Juma'ar ce ta dace da shi, ɗan Maigatari kuwa ya bar Alhamis, don ranar kasuwa ko ka buɗe littafi ba abin da zai shiga.

Wane lokaci ne ya fi a fara a shekara, tunda ina noma?

Bayan kaka. Da zarar gero da dawa sun shiga rumbu, an kaɗe riɗi an cire wake, wajen Nuwamba, nan ne hanya take buɗewa har zuwa Afrilu ko Mayu, kuma shi ne daidai wata shidan da na lissafa a sama. Hunturu ma yana taimakawa, dare dogo ne, mutane suna shigewa ɗaki da wuri, majalisa tana watsewa da wuri. Ga shi kuma lokacin ne ɗan kuɗi yake shigowa hannu, na data da na ajiyar kuɗin jarrabawa. Ka yi ƙoƙari abu mai nauyi ya wuce kafin zafin bazara, don a watan Afrilu ɗaki da rana ba ya zaunuwa, ita kanta kwamfutar sai ka ji tana huci.

In kuma damina ta riske ka a tsakiyar karatu kar ka yi faɗa da ita. Daga shuka zuwa noman farko zuwa maimai mutum yana dawowa ne jikinsa duk ya mutu, in ka ce sai ka koyi sabon abu a wannan halin ɓata data kawai za ka yi. Ka sauko zuwa minti 20 ko 30 na riƙe abin da ka riga ka sani, katin bita da lissafin sabnetin (raba adireshin netwok gida-gida) guda biyar, bayanin duka biyun yana nan a ƙasa. Ni a daminar da ta raba zamana na farko da na biyu abin da na yi ke nan, a gindin bishiya lokacin shan fura. Masu noman rani, 'yan Kura da Haɗeja da ke fama da shinkafa da alkama da tumatir, ku naku lissafin daban ne, ku duba tazarar da ke tsakanin dashe da girbi ku sa abu mai nauyi a ciki.

A cikin yini fa, wane lokaci zan zauna?

Bayan sallar asuba, kafin gari ya waye sosai. Na gwada dare, na gwada rana, ba wanda ya kama ƙafar asuba. Kai a sake yake, ba mai sallama, ba mai aike, yara ba su tashi ba. Minti 45 zuwa awa ɗaya a nan ya fi awa biyu bayan isha'i kana gyangyaɗi. Sabon darasi da safe, aikin hannu a kwamfuta da yamma ko bayan magariba lokacin da caji ya cika, haka na raba nawa.

Sauran ƙananan lokuta kuma kar ka raina su. Jiran mota a tasha, zaman shago ba ciniki, layin nika, tsakanin magariba da isha'i in ba ka da darasi a masallaci, duk waɗannan na bita ne a waya. Amma kar ka lissafa su cikin awa 9 ɗin nan, su ƙari ne.

Ba mu da wuta, kwamfutata tsohuwa ce, data kuma tana tsada. Zai yiwu kuwa?

Zai yiwu, amma dole caji ya shiga cikin jadawalinka kamar yadda darasi ya shiga. Manhajar da za ka yi aikin hannu da ita sunanta Packet Tracer, kyauta ce in ka yi rajista a Networking Academy, ba ta da nauyi sosai, kuma in ka shiga sau ɗaya da data ka zaɓi ta riƙe ka, tana barinka wata uku kana aiki ba sai da intanet ba. Akwai GNS3 da EVE-NG amma suna cin ƙarfin kwamfuta, don CCNA ba sai ka wahalar da kanka da su ba. Ka san batirinka awa nawa yake yi, ka rage hasken fuska, ka kashe duk abin da ba ka buƙata, kuma kar ka ƙona batirin kwamfuta wajen kallon bidiyo, kallo a waya, kwamfuta ta aikin hannu ce kawai.

Maganar data, rana ɗaya a sati ko sati biyu ka je inda sabis yake da ƙarfi, hedikwatar ƙaramar hukuma ko ranar kasuwa, ka sayi datar dare ko ta kwana ɗaya ka sauke bidiyon darasin sati biyu gaba ɗaya a kan memori. Akwai cikakkun darussan CCNA kyauta a YouTube, ka zaɓi malami ɗaya ka bi shi daga farko har ƙarshe. Ka yi yarjejeniya da mai caji na sola ko mai janareta a unguwarku, kuɗin wata, ka kai da safe ka karɓa da la'asar. Kuma don Allah ka riƙa adana aikinka duk bayan 'yan mintuna. Na taɓa haɗa rawuta uku da suwic huɗu, na kusa awa biyu a kai, batiri ya ɗauke ban adana ba, ranar har ƙwalla sai da ta zo min. A kan na'urar gaske ma haka ne, in ba ka buga copy running-config startup-config ba wuta ta ɗauke, duk abin da ka saita ya tafi.

Wanda ba shi da kwamfuta sam, ya fara wata na farko da waya da takarda, don tushen ilimin da sabnetin ba sa buƙatar ta. Amma daga wata na biyu dole ya nemi aro ko haɗin gwiwa, ko da kwana uku ne a sati.

Yaya zan raba wata shidan a kan batutuwa?

Ga yadda nake ba da shawarar a raba su. Sati biyar na farko tushe, wato matakan OSI da TCP/IP, irin wayoyi, adireshin IPv4 da sabnetin, da yadda ake shiga na'ura a buga umarni. Kar ka yi gaggawa a nan ko kaɗan, duk ginin a kansa yake. Sati biyar na gaba suwic, VLAN da tarank (layin da ke ɗaukar VLAN da yawa tsakanin suwic) da STP da EtherChannel. Sai sati shida cur na rawuta, karanta teburin hanya, hanyar da ake sawa da hannu, OSPF, da IPv6, tunda nan ne kashi 25 yake kuma nan ne tambayoyin suke cin lokaci. Sati uku na hidimomi da wayales, sati uku na tsaro musamman ACL, sati ɗaya zuwa biyu na sarrafa netwok da manhaja, JSON da REST API da Ansible da Terraform, wanda yawancinsa ganewa ne ba sai ka iya rubuta manhaja ba. Abin da ya rage, sati biyu ko uku, na bita ne da jarrabawar gwaji.

Kuskuren da na yi a karon farko shi ne na maƙale wa suwic da rawuta saboda daɗin da nake ji in na ga fin (ping, saƙon gwada ko na'ura biyu suna jin juna) ya wuce, na bar wayales da kashin ƙarshe har sai saura kwana huɗu. Takardar sakamako tana nuna maka abin da ka samu a kowane kashi, da na duba tawa nan ne ramin yake. Kashi 10 ba ƙaramin abu ba ne. Duk batun da ka gama ka ja masa layi a takardar nan da na ce ka buga, amma sai ka iya bayyana shi da bakinka kuma ka saita shi ba tare da leƙen littafi ba.

Kallon bidiyo kawai bai isa ba? Ina ganewa sosai in ana bayani.

Bai isa ba ɗan'uwa. Ganewa lokacin da malami yake yi daban, kai ka zauna gaban baƙin allo ba mai gaya maka umarni na gaba daban. A jarrabawar akwai tambayoyin da za a ba ka na'ura a ce ka saita. Ni nakan ce rabin lokacinka ya tafi a aikin hannu, sauran rabin a raba tsakanin kallo da karatu da bita.

Ga misali. Ka haɗa suwic biyu, ka yi VLAN 10 da VLAN 20, ka sa kwamfuta biyu a kowanne, ka yi fin. Ni ranar da na fara wannan ƙin wucewa ya yi, na goge na sake har sau uku, sai can na buga show interfaces trunk na ga fayau ba komai, ashe wayar da ke tsakanin suwic ɗin ban mai da ita tarank ba. Tun daga ranar ban sake mantawa ba, alhali na kalli bidiyon wannan darasin sau biyu kafin nan. Haka ma ƙofar rawuta, a kashe take zuwa, sai ka buga no shutdown, kowa ya ji wannan a bidiyo amma sai ta hana shi barci sau ɗaya yake riƙewa. Saboda haka in ka gama aiki ya yi kyau, ka ɓata shi da gangan, ko ka ba abokinka ya ɓata ba ka gani ba, sannan ka nemo matsalar.

Sabnetin ya gagare ni, in tsallake shi in dawo daga baya?

Kar ka tsallake, don yana cikin OSPF, yana cikin ACL, yana cikin NAT, ko'ina ka juya shi ne. Ka ɗauke shi kamar rabon gona. Fili ne mai adireshi 256, ana yanka shi gida-gida daidai wa daida, a kowane gida adireshin farko sunan gidan ne, na ƙarshe na shela ne, ba a ba kowa su, na tsakiya ne ake rabawa. Ka haddace layi biyu kamar yadda ka haddace jadawalin sau a firamare: 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1, sai 128, 192, 224, 240, 248, 252, 254, 255.

A ce an ba ka 192.168.10.77/26. Tsallen, wato girman kowane gida, daga layin farko ake ɗauko shi, /25 na 128, /26 na 64, haka har ƙasa. Tsallen /26 shi ne 64, to gidajen suna farawa a 0, 64, 128, 192. Ina 77 ya faɗa? Tsakanin 64 da 127. Sunan gida .64, na shela .127, waɗanda za a raba daga .65 zuwa .126, guda 62. Ga wani, 172.16.5.200/28, tsalle 16, 200 ya faɗa gidan da ya fara a 192 ya ƙare a 207, masu amfani 14. Shi ke nan fa abin da ake ta tsoro. Guda biyar kullum, minti goma, tun daga sati na uku har ranar jarrabawa, ba fashi. Ba ya buƙatar caji ko data, ni a ƙasa nake yi da tsinke a gona, wani lokaci a bayan kwalin sigari a shago. Burinka ka kai inda za ka amsa ɗaya cikin rabin minti da ka, tunda ba a shiga da kalkuleta.

Ina karantawa amma bayan sati biyu sai in ga na manta.

Kowa haka yake, maganinsa tilawa. Wanda ya yi makarantar allo ya san ba a ƙara sabon karatu a bar na baya. Akwai manhaja kyauta a wayar Android, AnkiDroid, kati ne tambaya a gaba amsa a baya, wanda ka amsa daidai sai ta jinkirta dawo maka da shi, wanda ka kasa ta dawo da shi gobe, kuma tana aiki ba data. A nan za ka zuba abubuwan hadda, irin su lambobin port na hidimomi, SSH 22, Telnet 23, DNS 53, DHCP 67 da 68, HTTPS 443, darajar hanyar OSPF 110, ta hannu 1, matakan syslog daga 0 zuwa 7. In wayarka ƙarama ce yanka kwali ka yi katin da hannu. Asabar kuma kar ka ɗauki sabon darasi, ka sake gina aikin hannu na satin daga farko ba tare da duba rubutu ba.

Mutanen gida suna ganin wasa nake da waya, ga biki ga ta'aziyya ga majalisa.

Ka same su ka yi musu bayani tun kafin ka fara, musamman Baba ko yayan da kake ƙarƙashinsa. Kar ka ce ina karatun kwamfuta kawai, ka ce Baba jarrabawa zan zauna wata kaza, kuɗinta kaza, ina roƙon a bar min daga asuba zuwa ƙarfe bakwai, sauran yini duk aikin da aka sa ni zan yi. Manya in suka ji rana da adadi suna ɗaukar abu da muhimmanci, kuma ka samu addu'a a kai. Ni mahaifiyata ce ma ta koma tana korar yara daga ƙofar ɗakina, tana cewa ku bar Malam yana karatu.

Ta'aziyya da jana'iza da dubiya ba a fasa su saboda jarrabawa, shi ya sa na ce a bar kwana ɗaya fanko a sati, da shi ake cike gurbin. Majalisa da gidan kallon ƙwallo su ne za ka rage, ka je ka gaisa ka sha shayi ka tashi. Za a yi maka tsiya sati biyu a gaji.

Ni mace ce, ina da aure da yara, wannan tsarin zai yi min?

Zai yi, Hajiya, sai dai asubarki ba irin ta maza ba ce tunda ga wuta ga karin kumallo ga shirin makaranta. Waɗanda na sani suna yi sun fi samun hantsi, bayan yara sun fita kafin a ɗora girkin rana, sai kuma ɗan lokaci bayan isha'i. Ki lissafa awa ɗaya a rana ki ba kanki wata tara, kamar yadda na faɗa a amsar wata nawa. In gidan ana rabon girki, ranar da ba ke ce da girki ba ita ce ta aikin hannu mai tsawo. Ki yi magana da maigida tun farko kan kuɗin data da tafiyar ranar jarrabawa, kar sai ta matso.

Azumi ya faɗo a tsakiyar watannina.

Ki ko ka rage zuwa rabi, kar a tsaya gaba ɗaya. Bayan sahur da asuba akwai minti 40 masu kyau kafin barci ya kama mutum. Goman ƙarshe a bar wa ibada, kati da sabnetin kawai. Kuma kar a sa ranar jarrabawa a cikin azumi ko satin sallah.

Na yi sati uku ban buɗe komai ba, in koma daga farko?

A'a. Komawa farko ita ce ta sa wasu sun yi shekara biyu suna maimaita darasin OSI. Ka ba kanka kwana uku, ka gina aikin hannu na ƙarshe da ka yi, ka share katin da suka taru, ka ci gaba daga inda ka tsaya, ka tura ƙarshen jadawalin gaba da sati uku. Abin da yake hana irin wannan tsayawar shi ne aboki, ko mutum ɗaya ne, ko a wani gari yake, kowane dare ku tura wa juna abin da kuka yi a WhatsApp. Wanda yake kusa da Kazaure ko Dutse ko Wudil, inda ake da manyan makarantu, zai fi saurin samun ɗalibin da ke kan wannan hanyar.

Wani ya ce zai tura min tambayoyin da ake fitarwa in haddace, ba sai na rage wahala ba?

Ka bar su. Satar amsa ce, Cisco ta haramta, in aka gano suna iya soke shaidar su hana mutum sake zama. Ban da haka amsoshin cikinsu da yawa ba daidai ba ne. Kuma ranar da aka kai ka gaban suwic a wani ofis aka ce intanet ya ɗauke, ba A ko B da za ka zaɓa. Jarrabawar gwaji ta halal daban ce, wadda aka rubuta don koyo take bayyana maka dalilin kowace amsa, irin wadda take zuwa da littafin hukuma na Cisco Press.

Yaushe zan biya kuɗin in sa rana?

Ajiyar kuɗin tun wata na farko, biyan kuwa sai ka gama batutuwa ka shiga bita. Dala 300 ba wasa ba ce a wajenmu, wani buhunan riɗinsa ne, wani tunkiyar da ya yi kiwo. Ka duba canjin dala, ka raba kuɗin gida shida, ko ka shiga adashi ka nemi ɗaukar ƙarshe. Wanda ya yi kwasa-kwasan nan uku a makarantar da ke ƙarƙashin Networking Academy ya tambayi malaminsa maganar rangwame, ana bayarwa ga wanda ya cika sharuɗɗa.

Alamar ka shirya ita ce ka zauna minti 120 cur, waya a kashe, ka yi jarrabawar gwajin da ba ka taɓa gani ba ka samu sakamako mai kyau, sau biyu a jere, kuma ba wani kashi cikin shidan da ya faɗi warwas. Daga nan ka sa rana sati uku zuwa huɗu gaba, don in ba rana a gabanka bita ba ta ƙarewa. Sunan da za ka yi rajista da shi ya zama daidai da na katin shaidarka harafi da harafi, mu da ake rubuta Muhammad a nan Mohammed a can sai mun kula sosai.

In yi ta a gida ta intanet ko in je cibiya?

Ana iya yi a gida, mai sa ido yana kallonka ta kyamara, amma yana buƙatar intanet da ba ya yankewa da ɗakin da ba mai shigowa ko magana har awa biyu. A ƙauye ban ba ka shawara ba, sabis ya ɗauke ko yaro ya turo ƙofa kuɗinka na cikin haɗari. Ka shiga shafin Pearson VUE ka nemi cibiyar da ta fi kusa da kai, ka tafi tun ana gobe ka kwana a garin, ka je ka ga ƙofar wurin da idonka da yamma. Ka karanta saƙon da suka turo maka kan katin shaida da ƙa'idar ɗage rana.

A ciki ka sani ba a komawa baya, in ka wuce tambaya ta wuce. A zamana na farko na tsaya kan tambayar saita na'ura ɗaya na fi minti ashirin, ƙarshe ina ganin agogo ina danna amsa ba karatu. A na biyu da na zauna sai na fara rubuta layukan sabnetin biyun nan a allon da suke bayarwa, na kuma yi wa kaina doka, tambayar zaɓi in ta wuce minti ɗaya da rabi in zaɓi wadda ta fi kusa in wuce.

In na faɗi fa?

Doka ta ce sai ka jira kwana 5 kafin ka sake zama, kuma sabon kuɗi za ka biya. Amma kar ka koma a kwana biyar ɗin sai in da kaɗan ka rasa kuma kuɗin na hannu. Ka fito da takardar sakamakon, kashi biyun da suka fi rauni su za ka ba sati huɗu zuwa shida, sauran kuma kati da aikin hannu na Asabar su riƙe maka su. Tun a mota kan hanyar komawa gida ka rubuta batutuwan da suka ba ka wahala kafin su gushe, don kanka kawai, ba don yaɗawa ba. Ni faɗuwata ta zo daf da saukar ruwan farko, kuɗin sake zama kuma babu, sai na riƙe karatun da minti 30 ɗin nan duk damina, da aka sayar da riɗi na biya, na yi sati shida a kan wayales da kashin manhaja, na koma a watan Janairu.